Yadda Gidan Indo Cenning Ya Hau Tudu

Na dawo ƙauyenmu daga makarantar horon malamai da akwati a hannu, baƙin allo a kai, da haushi cike da ciki. Tun a mashigin rafi haushin ya fara. Gadar gorar da na bari shekarun baya tana nan yadda take, sai dai gora ɗaya ta ruɓe, ɗayar tana lilo, mutane kuma suna tsayawa a tsakiyarta suna gaisawa, har da tambayar lafiyar ɓauna.

Ƙauyen namu, Lappa Cempa, a wancan lokacin rijiya ɗaya gare shi, guganta a ɗinke da zaren kaba. Rediyo ɗaya ne, a gidan mai gari Puang Makka, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Akwai fitilar gas da ake aro ranar biki, ana lallaɓa ta kamar jaririya. Kantin La Kandacong yana da gishiri da kananzir da busasshen kifi da taba, in ka nemi abin da ya wuce waɗannan sai ya tambaye ka me za ka yi da shi. Duk wannan na iya haƙuri da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne babu makaranta. Yaranmu sai sun ƙetare rafi zuwa ƙauyen gaba, in damina ta faɗi rafin ya cika, sai su zauna gida kiwon ɓauna. Kafin ruwa ya janye sun manta da abin da suka koya, su koma su sake farawa daga farko. Akwai yaron da gemu ya fara fito masa yana aji biyu, kuma mutanen gari abin dariya suka ɗauke shi.

Jami'in ilimi na gundumarmu ya gaya mini baki da baki: in ya zo kafin a koma hutu ya tarar da ɗakin karatu a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, zai bar ni in koyar a garinmu. In bai tarar ba, akwai wani tsibiri da ke neman malama, can zai tura ni.

Ɗaki kam na samu. Indo Cenning, tsohuwar da ta yi wa rabin garin wankan jego, tana da gida a bakin rafi, na katako mai kyau a kan dogayen ginshiƙai. Ɗanta ya tafi tsibirin Sumatra noman kwakwa ya yi aure can, ita kuma ta koma wajen 'yarta.

"Ɗauke shi, Rabasiya," in ji ta. "Kaji ne kaɗai ke kwana a ciki, su kuma na gwada su, ba su da kan karatu."

Ɗaukar gida ba wani abu ba ne a wajenmu. Mai gari ya sa rana, a saro gora, matan gidan su mulmula onde-onde, ƙwallayen garin shinkafa da mazarƙwailar giginya a ciki, a birkiɗa su cikin kwakwa. Ranar Juma'a a jera su a faya-fayai a kan gorar da za a ɗauki gidan da ita, maza su fito masallaci su ci. Duk wanda ya ci daga kan gorar nan ya ba da kafaɗarsa ke nan. Wanda ya ci ya sulale, ranar da nasa gidan zai tashi sai dai ya ɗauka shi da matarsa. Matsalar ɗaya ce: daga bakin rafi zuwa tudun masallaci sai an ratsa gonakin shinkafa, kuma ba a ratsa su sai a bushe, tsakanin girbi da sakin ruwa.

Na sami Puang Makka a inuwar ƙarƙashin gidansa, ya kara rediyo a kunne, dattawa sun zagaye shi suna jiran ya gaya musu abin da rediyon ya ce. Na gaishe su, na yi bayani. Na san na yi tsawo, don na kawo musu har labarin ƙasashen da suka ci gaba.

"Madalla da Malama," in ji shi. "Magana ta yi kyau. Ambo Rappe, ka ji ko? Ilimi."

Ambo Rappe shi ne mai ba da murya in ana ɗaukar gida. Ya ce ya ji.

"To yaushe, Puang?"

"Juma'a."

"Wannan mai zuwa?"

"Juma'a dai, 'yar nan. Ke kam kamar wadda ta ɗora tukunya a wuta."

Gaskiyar magana, gorar an saro ta a makon nan. Yayana Daeng Malewa da abokansa suka jawo ta suka jibge a filin masallaci. Daga nan aiki ya tsaya. Juma'ar farko akwai ɗaurin aure. Ta gaba ɓaunar La Kandacong ta ɓata, gari duka ya bazu nemanta, aka same ta a kwance cikin taɓo bayan kantinsa. Wata Juma'ar Ambo Rappe ya ce bayansa ya riƙe, ko da yake da yamma na gan shi a kan giginya. Duk lokacin da na koma wajen mai gari sai ya yaba mini, ya ce irinmu ƙasa ke bukata, ya ce a kawo mini kofi.

Gorar kuwa ta zauna a filin masallaci har ta zama 'yar gari. Kaji suka fara hawa, mata suka riƙa shanya zannuwa a kai, daga baya maza suka gano tsawonta daidai zama ne. Kullum bayan la'asar za ka gan su jere a kanta suna nannaɗa taba, suna hirar yadda ilimi ke da amfani.

Sai gajimare ya fara haɗuwa ta bayan duwatsu. Kwaɗi suka fara gwada murya. Daeng Malewa ya shigo gida da garma a kafaɗa, ya ce an gama magana, bayan Juma'ar nan za a buɗe ruwa a gonaki.

"Gidan fa, Daeng?"

"Baɗi ma shekara ce, Basiya."

"Baɗi ina tsibiri ina koya wa 'ya'yan masunta, naka kuma suna bin ɓauna."

"Ai za ki riƙa aiko mana da kifi," in ji shi, ya kauce kafin ludayin da na jefa ya same shi.

Na ɗauki tulu na nufi rijiya don in huce. Hanyar ta bi ta filin masallaci, ga su nan a jere a kan gorar, La Kandacong har ya miƙe ƙafa. Na tsaya ina kallonsu, raina yana tafasa. Mutum fiye da goma suna zaune a kan aikin da suka ƙi yi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya tuna abin da yake zaune a kai. Ina cikin wannan tunanin na ji haushin ya sauka. Ban kai rijiya ba, na juya gidan 'yar Indo Cenning.

Tsohuwar ta saurare ni tana tauna goronta na ganye, har na gama.

"Mai gari bai sa rana ba," in ji ta.

"Ya sa, Indo. Ya ce Juma'a. A gaban dattawa."

"In ya yi fushi fa?"

"Ya yi. In ya kore ni daga gari, ai dama korarriya ce ni."

Ta tofar da jan miyau ta tsakanin katakon daɓe, sannan ta ce, "Mazarƙwailar La Kandacong ba ta da kyau, yana haɗa ta da ta bara. Ki je gidan Ambo Rappe ki karɓo wajen matarsa. Kada ki gaya mata komai, za ta gane."

Ta gane kuwa. Kafin azahar ta Alhamis duk matan da ke zuwa rijiya sun gane. Turmi ya yi ta amsawa daga wannan gida zuwa wancan, ana kankare kwakwa, ana yanka kaji don miyar da ake sha bayan an sauke gida. Ba mu yi wa kowa ƙarya ba. Babu namijin da ya tambaya. Namiji a garinmu in ya ji ƙanshin mazarƙwaila ba ya bincike, gyara zama yake yi.

Ranar Juma'a, suna cikin masallaci muka kore kajin, muka share gorar, muka jera faya-fayai a kanta daga wannan kai zuwa wancan. Ban rufe gorar da ko tabarma ba, don kada wani ya ce an ɓoye masa. Muka koma gefe muka tsaya.

Suka fito da zannuwansu na Juma'a da baƙaƙen huluna. La Kandacong ne ya fara kaiwa.

"Wa ya haihu?" ya tambaya, ya riga ya jefa biyu a baki.

Sauran suka rufa masa baya. Liman ya ci, Ambo Rappe ya ci ya ce wannan mazarƙwailar kamar ya san ta. Puang Makka ya fito daga ƙarshe, aka buɗe masa hanya, ya zauna a bakin gorar, faifai guda a gabansa. Na ƙyale shi sai da ya yi nisa.

Sannan Indo Cenning ta tako da sandarta.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Igiyoyin suna can gindin gidan, na jiƙa su tun jiya."

Tauna ta tsaya. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai suka dubi abin da faya-fayan ke kai. La Kandacong ya ciro wadda ya gutsura, ya yi ƙoƙarin mayar da ita cikin faifai.

"Ta ina za ka mayar da shidan da ke cikinka?" in ji matarsa daga cikinmu.

"Ni na ɗauka benci ne."

"Benci ne jiya," in ji liman, yana share kwakwa daga gemu, dariya tana neman ƙwace masa. "Yau dai gorar ɗauka ce. Na ci, kun ci. Ban ga mafita ba."

Puang Makka bai yi dariya ba. Ya dube ni.

"Malama, wa ya sa rana?"

Na shirya magana mai laushi tun da safe, amma da na buɗe baki wata ce ta fito. Na ce masa gari guda ya tashi neman ɓauna ɗaya, amma yaran gari duka sun ɓata shekara da shekaru babu wanda ya ɗaga ƙafa. Na ce rediyon da yake karawa a kunne, 'ya'yan wasu ne ke magana a ciki, namu kuwa ko sunansu ba sa iya rubutawa. Na ce gobe za a saki ruwa, in gidan nan bai hau tudu yau ba, kada wani ya sake ce mini ilimi yana da amfani. Daeng Malewa yana ta yi mini alama da ido in yi shiru. Ban yi ba sai da na gama.

Mai gari ya dubi sama, inda hadari ya riga ya haɗe rabin duwatsu. Ya dubi faifan gabansa, wanda babu komai a ciki. Ya miƙe ya naɗe zanensa zuwa gwiwa.

"Ambo Rappe, ya bayan naka?"

"Da sauƙi, Puang."

"To me ake jira? Tun yaushe nake cewa a ɗauki gidan nan."

Aka kwashi gorar a kafaɗa zuwa bakin rafi. In mutanenmu suka tashi aiki ba a fi su ba, wannan ne ma abin da ke ƙara ba ni haushi da su. Nan da nan aka zura gorar tsakanin ginshiƙai, tsaye da kwance, aka ɗaɗɗaure, aka cire tsani. Ana shirin shiga ƙarƙashi sai taga ta buɗe, kan Indo Cenning ya leƙo.

"Indo, yaushe kika hau?" in ji Daeng Malewa. "Ki sauko, za mu ɗaga."

"Ku ɗaga mana. Ina amarya na shigo gidan nan, ba zai yi tafiya ba ni ba."

"Za ki ƙara mana nauyi."

"Ni da ban kai buhun ƙaiƙayi ba? Kai da na wanke kana jariri, ka fi haka nauyi kuma ban yi ƙorafi ba."

Aka bar ta. Maza suka jeru a ƙarƙashi, kowa ya sa kafaɗa. Ambo Rappe ya hau kan kututture ya ja murya, suka amsa, ya sake ja, a ta uku gidan ya yi ƙara ya tashi. Kaji biyu da suka ɓuya a rufi suka fito da gudu. Gidan ya fara tafiya a kan ƙafafun mutane, yana tangaɗi kamar mai ciki, mu mata muna biye da butocin ruwa.

Tafiyar ba ta mutunci ba ce. Dogaye suna ɗauke da komai, gajeru suna rataye. La Kandacong ya fi kowa nishi, alhali tsakanin kafaɗarsa da gorar hannu zai wuce. Da aka gane, wani ya cusa masa ɓawon kwakwa a wurin, nishin ya zama na gaske. Indo Cenning tana taga tana ba da umarni: a yi hankali da kusurwar dama, wane yana zamba, wane kuma zanensa zai kwance a gaban surukarsa. Duk 'yar tafiya sai a sauke a huta, a zagi juna, a sake ɗagawa. Iska ta fara kaɗawa da sanyi.

Mun ci fiye da rabin hanya, tudun masallaci yana gabanmu, sai na gaba suka tsaya. Ambo Rappe ya ce a sauke.

A gabanmu, daidai inda hanyar ta matse tsakanin magudanar ruwa da kurmin gora, akwai fili ɗaya da ba a bushe yake ba. An jiƙa shi, an yafa iri, ya tsiro kore shar, irin shinkafar da za a cira a dasa. Kowa ya san mai shi. Puang Makka ya riga kowa yafa iri, kuma ya yafa shi a nan ne don bai taɓa zaton gida zai biyo ta wurin ba.

"Sai a zagaya ta bayan kurmi," in ji wani.

"Ta bayan kurmi sai magariba," in ji Ambo Rappe. "Kuma ga shi."

Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin. Wani ya biyo. Na san in ruwan nan ya sauka sosai, ƙasar gonakin za ta yi laushi, gidan ya nutse inda yake, ya zauna a tsakiyar fadama har baɗi. Na buɗe baki, Daeng Malewa ya riƙe mini hannu. Irin mutum na shekara guda ne a gabanmu, ba wanda zai taka shi sai mai shi ya ce.

Puang Makka ya fito daga ƙarƙashin gidan yana murza kafaɗa. Ya tsaya a bakin filin yana kallon tsiron. Ya daɗe.

"Makka," in ji Indo Cenning daga taga, ita kaɗai ce a garin ke kiran sunansa kai tsaye. "Ruwa yana shigo mini."

Ya cire hularsa ya miƙa wa wata mata ta riƙe masa. Ya taka cikin filin da kansa, taɓo ya kai masa idon sawu.

"Ku biyo ni. Kuma duk wanda ya faɗi a cikin irina, shi zai biya."

Ambo Rappe ya ja murya. Gidan ya tashi, ya shiga taɓo. Suna tsakiya ruwan ya tsuge. Ban san lokacin da na ajiye buta na shiga ƙarƙashi ba, na dai ga kaina tsakanin liman da Daeng Malewa, wasu matan ma sun shigo, muna turawa da hannu tunda kafaɗarmu ba ta kai ba. Ana zamewa, ana dariya, La Kandacong ya faɗi sau biyu, sau biyun yana cewa tura shi aka yi. Muka fita daga taɓon, muka kama hawan tudu, Ambo Rappe muryarsa ta dishe, sai Indo Cenning ta karɓi kiran daga taga. Da muryarta aka kai gidan gefen masallaci aka dire shi a kan duwatsun da aka tanada.

Aka zauna a ƙarƙashinsa, kowa jiƙe, aka sha miyar kaza da zafinta, ruwa yana zuba ta ko'ina a gefe. Na kai wa Puang Makka kwanonsa da hannuna.

"Puang, irin nan..."

"Kowane gida zai ba ni dami ɗaya in an zo dashe, liman ya riga ya faɗa. Zan ma fi bara samu." Ya kurɓi miya. "Amma ke, Malama, bakinki. A makarantar aka koya miki, ko da shi kika tafi?"

"Da shi na tafi, Puang. Can aka wasa shi."

Jami'in ilimi ya zo a makon da aka koma hutu, ya turo kekensa cikin laka tun daga bakin titi. Ya hau tsani ya tarar da yara zaune a daɓe har bakin ƙofa, allona a jingine da ginshiƙin tsakiya, mai gemun nan a sahun gaba. Ya zagaya, ya buga katako da ƙafa, ya leƙa taga ya ga rafi can ƙasa ya cika ya shanye inda gidan yake a da. Sai ya shaƙi iska.

"Hayaƙin me nake ji?"

Na ɗaga labulen ɗakin baya. Indo Cenning tana zaune gaban murhu tana gasa ayaba. Tun ranar da aka dire gidan ta ce iskar tudu ta karɓe ta, ta aika aka kwaso mata tabarmarta.

"Wannan fa?" in ji jami'in.

"Mai gidan ce, ranka ya daɗe."

"A doka ba a zama a cikin makaranta."

"Ba zama nake ba, ɗana, karatu nake," in ji Indo Cenning. "Na kai harafi na huɗu. Zauna ka ci ayaba, ka sha hanya."

Ya zauna ya ci. Da zai tafi ya ce in aika a karɓo alli a ofishinsa ƙarshen wata, tsibirin kuma zai nema musu wata.